Gyaran Ƙoli a Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Bagudo ba, ranar da na yi ta zagin wata laftof a zuci don ta ƙi bin umarnina, alhali ita ce mai hankali a tsakaninmu.

A lokacin sunana Injiniya. Ba wani injin da na taɓa haɗawa, kwas ɗin kwamfuta na wata uku na yi a Birnin Kebbi, na dawo da takardar shaida mai kan zinare da filash rataye a wuya kamar laya. (Filash ɗin ma rabinsa waƙoƙi ne.) Kuma ina neman auren Murja, 'yar Malam Hamidu, tsohon magatakardan kotun shari'a. Kun san yadda zance ya koma a shekarun nan: da rana, a ƙofar gida, minti kaɗan, kowa na kallo. Saboda haka da aka ce Malam da kansa yana kirana zaurensa, sai da na goge takalmi sau biyu.

Laftof ɗinsa ce ta ƙi tashi. Tsohuwa ce, ta hannu, wani ɗan'uwansa ya sayo masa ita a ƙetaren iyaka ta Lolo, shi ya sa komai nata da Faransanci yake. Wuta ta ɗauke tana tsakiyar sabunta kanta, tun daga nan in an kunna sai ta yi ta juya 'yan ɗigo-ɗigo, ta koma wani shuɗin allo. Malam ya yi mini bayani a hankali cewa aikin shekara huɗu ne a ciki. Yana rubuta tarihin masuntan danginsu na Kaoje, kuma ya ɗauki muryoyin tsofaffi suna ba da labari, har da ta yayansa da ya rasu bara. Babu kwafi ko ɗaya a wani wuri. Ya tambaye ni ko ina jin Faransanci, in ba na ji a nemo wani.

Nan ne fa ya kamata in ce a'a. Amma ga abokansa biyu dattawa a kan tabarma, ga kuma ƙarar munduwa ina ji a bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida, na tabbata Murja ce. Sai na ji bakina yana cewa ai Faransanci da Turanci uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. (Iyakar Faransancina gaisuwa ce da jandarma a kan iyaka, ita ma sai an yi mini gyara.)

Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ɗora laftof a kan kujera 'yar tsugunne. Na yi ta latse-latse har na faɗa wurin da ake maido da babbar manhajar kwamfuta yadda take tun farko. Zaɓi biyu ya fito. Na sama doguwar jimla ce da ban gane ko kalma ɗaya a ciki ba. Na ƙasa gajere ne, ya fara da kalmar “supprimer”. Ina ganinta raina ya yi fari ƙal. Ai sufurim ce, wato ƙoli a Turance! Na juya na yi wa dattawan bayani cewa gyara iri biyu ne, akwai ƙarami, akwai na ƙoli, kamar dai yadda ake da ƙaramar kotu da kotun ƙoli. Ɗaya daga cikinsu, wanda shi ma a kotu ya yi aiki, ya gyaɗa kai ya ce yaron nan ya san abin da yake yi. Malam ya ce to a kai ta ƙolin.

Na latsa. Ta yi mini tambayoyi har kashi biyu ko uku, wallahi kamar mai roƙona in sake tunani, ni kuwa ina ta latsa maɓallin amincewa. Ta fara ƙirge, ɗaya, biyu, ta tsaya cak, ta mutu, ta dawo da wani saƙo mai layi biyu. Malam ya tambayi abin da ta ce. Na ce haƙuri take bayarwa, zafi ya yi mata yawa. Aka kawo mafici, dattijo guda ya shiga yi wa laftof fifita.

Na sake, ta sake ƙi. Na cire batir, na hure ƙura, na mayar, na yi bisimilla a bayyane, na sake latsa na ƙolin a karo na uku. Haka dai. Gumi ya jiƙa mini bayan riga, ina ta kiranta tsinanniya a raina. Sai na fara karanta rubutun da ƙarfi, ina ja masa murya irin ta mutanen rediyo: “Sufurim tawut.”

Ƙarar munduwar nan ta tsaya. Ashe ba Murja ba ce, Inna Balki ce, mahaifiyarta, ta kawo fura ta tsaya tana jiran a karɓa. Matar da tun da na fara zuwa gidan ba ta taɓa yarda mun haɗa ido ba saboda kunyar surukuta, gaisuwata ma daga nesa take amsawa. Sai ga muryarta daga bayan asabari, ba da ni take ba, da mijinta take.

“Malam, ce ma yaron ga shi faɗi baƙaƙen ɗai-ɗai.”

Na faɗa, ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan aji ɗaya.

“To shi ɗauke hannu nai. Wanga cewa ya yi a share komi.”

Maficin ya tsaya a sama. Malam bai dube ni ba, laftof ɗin ya duba, ya ambaci sunan yayansa a hankali, kamar yau aka yi rasuwar. Wannan ne ya fi komai ci mini rai, don da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sau uku fa! Sau uku ina ba da umarnin a goge muryar mamaci, ina kuma jin haushin an ƙi.

Aka miƙa laftof ta ƙarƙashin asabari. Ashe Inna Balki a Segbana, can ƙetaren iyaka, ta tashi wurin kakarta, ta yi firamaren Faransanci har ta gama kafin a dawo da ita gida. Ni kuwa kallon mai gumin shinkafa kawai nake yi mata. Ta karanta saƙon da na fassara da zafi ya yi yawa, ta ce abin da yake cewa shi ne an samu matsala, ba a canza komai ba. Malam ya sa ta maimaita ƙarshen. Ta ce, “Ba ta taɓa komi ba, Malam.” Ya sunkuyar da kai yana hamdala.

Na yi niyyar sulalewa, amma ta ce a gaya wa yaron ya zauna, ita karatu ta iya, shi ya san wurin latsawa. Haka muka yi aikin har aka kira la'asar: ita a ciki tana karanta kowane layi tana fassarawa, a turo mini laftof in latsa, a mayar mata. Ko maɓalli ɗaya ban ƙara taɓawa ba sai ta ce. A ƙarshe muka samu inda ake mayar da kwamfuta yadda take kwanaki kaɗan kafin wutar ta ɗauke, ba tare da taɓa ajiyar mutum ba. Ta daɗe tana nazari, sannan ta buɗe. Malam ya latsa wani fayil, sai ga muryar tsoho ta cika zauren, yana tari yana ba da labarin shekarar da ruwa ya cinye fadamar Kaoje. Na goge waƙoƙin filash ɗina kaf, na kwafe masa komai a ciki, na ajiye masa a kan tabarma.

Dattawan nan biyu ba su rufa mini asiri ba. Kafin sati ya zagayo Injiniya ya mutu, Sufurim ya maye gurbinsa, har yau a kasuwar Bagudo da shi ake kirana. Inna Balki kuwa ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sai bayan biki, Murja tana kwance kayanta, ta ciro wani tsohon littafin Faransanci na 'yan aji ɗaya, bangonsa ya yage, an naɗe shi a ɗankwali. Ta ce Inna ta ce ba na amarya ba ne, na maigidanta ne.

Na karance shi tas, kuma har gobe ina yi wa Inna addu'a, ita da wannan laftof mai taurin kai. Yanzu in abu ya ƙi mini sau ɗaya, ba na zaginsa, tambaya nake fara yi ko akwai wanda ya iya karanta shi a bayan asabari.