Kabad ɗin da ya ƙi shiga ɗaki

Shekara ashirin ina kafinta a Lamashegu kafin in samu manhajar waya da ke nuna kabad tsaye a ɗaki tun ba a ƙera shi ba. Na ɗaga waya a ɗakin wata Hajiya a Sabonjida, ga kabad daram a kusurwa a fuskar wayar.

"Malam, ba za ka auna da tef ba?"

"Hajiya, an wuce wannan zamanin."

Bayan mako uku muka kawo shi, ƙofar ta yi masa kaɗan.

Allah ya saka wa Hajiya, ko tsaki ba ta yi ba. Ta kawo mana koko, mijinta ya taya ni kwance kabad ɗin a tsakar gida. Amma har yau gaisuwarta ɗaya ce: "Malam, yaya zamani? Ya samu shiga?"