Katin da Na Ce Jabu Ne

Ba zan taɓa mantawa da makon da na ɓata sunan mutumin da ya koya mini riƙe sukudireba ba, kuma ko na so mantawa, abin ba zai bar ni ba.

A lokacin ina aiki a wani shagon buga takardu a Bebeji. In kwamfuta ta ƙi tashi sai in kwance ta, in hure cikinta, in mayar, wani lokacin ta tashi don kanta. Wannan ne ya sa aka fara kirana Injiniya, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba. Ɗan abin da na sani a wurin Malam Haladu na koye shi, wani dattijo mai shagon kayan kwamfuta a Tudun Wada, wanda na zauna a gabansa shekara biyu bayan na gama sakandare. Ba mai yawan magana ba ne. In ka tambaye shi abu sai ya yi shiru har ka zaci bai ji ba, sannan ya amsa maka a taƙaice.

Abokina Sadisu yana da gidan gem a Tiga, ɗaki ɗaya a bakin hanyar da ta gangara dam. Masunta in sun fito daga ruwa, da ma'aikatan gidan ruwa in sun tashi, nan suke zuwa su buga ƙwallo a kwamfuta. A cikin kwamfutar akwai abin da ake kira katin girafik, wani allo mai fanka wanda shi ke zana hoton da ake gani a sikirin. Na Sadisu tsoho ne, ɗan gwanjo, fankarsa tana kuka kamar injin markaɗe, amma yana jan ƙwallo lafiya lau. Sababbin wasannin harbe-harbe ne kawai ke sa shi ɗingishi.

Ni na ɗauko wa Sadisu zancen sabon kati. Na yi makonni ina ƙona data wajen kallon masu jera tsohon kati da sabo suna gwadawa, har na haddace zancensu. Kullum na je Tiga sai na yi masa lacca: sabo yana nuna ciyawar fili ɗaya bayan ɗaya, yana nuna gumin ɗan wasa, ba ya zafi, ba ya shan wuta kamar tsoho, don haka ko man janareta zai ragu. (Ban taɓa riƙe sabon kati a hannuna ba, amma wannan ban faɗa masa ba.)

Da muka je wurin Malam Haladu, ya saurare ni har na gama, sannan ya tambayi Sadisu wane wasa mutanensa suka fi bugawa. Ya ce ƙwallo. Malam ya ce to tsohon ya ishe shi, da kuɗin sabo guda zai haɗa wata kwamfutar da wani tsohon katin, mutum huɗu su riƙa bugawa maimakon biyu. Na ji kamar ya tsinka ni a gaban abokina. Da muka fito na ce wa Sadisu ai Malam ya tsufa, zamani ya wuce shi. Sadisu ya bi tawa, ya sayar da shinkafar rani da ya noma, Malam ya shiga Kano ya kawo masa kati sabo dal a kwalinsa.

Malam ya ce zai zo ya ɗora da kansa. Na ce kada ya wahalar da kansa, ai ƙaramin aiki ne.

Kwamfutar Sadisu a cikin kejin ƙarfe take, an manna shi da bango saboda ɓarayi, gefe ɗaya kawai ake iya buɗewa. Na zare tsohon kati, na sa sabo, fankokinsa suka juya, fitilunsa suka kama, ɗakin ya cika da 'yan kallo. Na zura hannu ta bayan kejin ina laluben ramin da kebul ɗin sikirin zai shiga, na ji ya shige wani rami daidai wa daida, hoto ya fito. Aka sa ƙwallo.

Abin da muka gani ya fi na da muni. Ɗan wasa zai ɗaga ƙafa a tsakiyar fili, ya daskare, sai ka gan shi a bakin raga. Ciyawar da na yi alkawari ta zama kore shafe ɗaya kamar an zuba fenti. Wani masunci ya ce ko a dawo da mai kukan. Sadisu ya juyo ya zuba mini ido.

A nan ne ya kamata in ce ban sani ba, a kira Malam. Amma wanda ya saba a kira shi Injiniya ba ya iya furta wannan kalmar cikin sauƙi. Sai na tuna wani bidiyo da na gani, inda 'yan damfara ke ɗaukar mataccen kati su sa masa sabuwar riga su sayar. Na miƙe, na kaɗe hannu, na sanar da ɗaki cewa an cuci Sadisu, katin jabu ne. Na ƙara da cewa shi ya sa tun farko Malam ya so ya ɗora da kansa, don kada a gane.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Muna da guruf a waya, na masu gyaran waya da kwamfuta, daga Bebeji da Kiru har Doguwa. Na fita bakin hanya na naɗi saƙon murya, da muryar nan ta masu wa'azi, na ce: "'Yan uwa, amana ce ta sa zan faɗa. Ni yaronsa ne, na san ciki da waje. Duk wanda zai sayi kaya a hannun Malam Haladu na Tudun Wada, ya buɗe idonsa."

Kafin kwana uku saƙon ya fita daga guruf ya shiga gari. Masu kwamfutoci a shagonsa suka je suka kwashe abinsu ba a gama gyara ba. Wata makarantar kuɗi a Kiru da ta yi magana da shi zai haɗa mata ɗakin kwamfuta ta aiko cewa an fasa. Na ji duk wannan, kuma in faɗa maka gaskiya, a lokacin ina ganin kaina jarumi.

Malam bai kira ni ba. Wurin sarkin kasuwa ya je, ya roƙa a kawo kwamfutar a gwada a gaban mutane. Ranar kasuwa Sadisu ya sa mai walda ya yanke kejin, muka ɗauko ta a mota zuwa Tudun Wada. Aka ajiye ta a kan tebur a ƙofar shagon Malam, aka ta da janareta. Dillalan dabbobi da masu hatsi da ba su san kati daga kwali ba duk suka taru, don sun ji an ce za a tona asiri.

Sarkin kasuwa ya ce in haɗa ta yadda na haɗa a Tiga. Na haɗa ina bayani, ina nuna wa dattawa fanka da fitila. Na ɗauki kebul na soka a ramin sama, kusa da inda ake sa kibod, inda na saba sokawa a kwamfutocin shagonmu waɗanda ba su da kati ko ɗaya. Aka sa ƙwallo, 'yan wasa suka hau ɗingishi. Na juya na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi nan, ido ba mudu ba amma ya san kima."

Malam Haladu ya taso a hankali, ya zagaya bayan kwamfutar, ya sunkuya. Ya zare kebul ɗin daga inda na sa, ya sauke shi ƙasa da kamar taƙi ɗaya, ya soka a jikin katin kansa. Ya sake kunna wasan.

Ciyawar ta fito ɗaya bayan ɗaya. Gumin ma ya fito. Duk abin da na yi wa Sadisu alkawari ya bayyana a sikirin, sumul, ba ko gargada. Ashe tun ranar farko katin yana zaune ne yana juya fanka a banza, hoton da muke gani na ɗan ƙaramin abin da ke jikin kwamfutar ne, wanda bai wuce buga takarda ba.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini. Sarkin kasuwa ya tambaya ko shi ke nan matsalar, Malam ya ce shi ke nan. Sannan ya dube ni, ya ce wa sarkin kasuwa, "Laifina ne, ranka ya daɗe. Shekara biyu yana gabana, ban koya masa duba baya ba."

Na durƙusa a wurin na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, ya shiga shago. Sadisu ya ɗauki kwamfutarsa ya hau wata motar daban. A ranar na naɗi saƙo na biyu, na ce ni ne jahili, Malam mai gaskiya ne, na roƙi duk wanda ya tura na farko ya tura wannan. Mutum biyu suka amsa da "Allah ya kiyaye gaba." Makarantar Kiru ta riga ta ba wani aikin. Shagon Malam bai rufe ba, amma duk lokacin da na wuce ina ganinsa zaune shi kaɗai.

Bayan wata biyar ina dawowa daga Doguwa a motar haya, na zauna kusa da wani mutum mai fara'a, malamin firamare. Hira ta kai mu ga kwamfuta, ya ce yana son saya wa ɗansa. Na yi sauri na ce ya je wurin Malam Haladu a Tudun Wada, ba mai amana kamarsa. Mutumin ya dafa gwiwata cikin tausayi ya ce ashe ban ji ba. Ya ciro wayarsa, ya lalubo, ya kara mini a kunne. Na ji muryata tana cewa amana ce ta sa zan faɗa.

Na ce masa ni ne mai maganar, kuskure na yi, har na janye a gaban sarkin kasuwa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya mayar da wayar aljihu.

"Ko kai ne ɗin," in ji shi, "to an ba ka wani abu ka janye. Na farkon ya fi kama da gaskiya."

Har muka iso Tudun Wada ina rantse-rantse, yana gyaɗa kai irin na wanda ba ya son musu da baƙo. Da ya sauka na ga ya wuce ƙofar shagon Malam ko waiwaye bai yi ba.

Tun daga nan, in abu ya ƙi aiki a hannuna, nakan fara zagayawa baya in duba abin da ni na soka kafin in fita neman macuci. Darasin ya zauna mini sosai, sai dai abin kunyar, ni na yi karatun, Malam Haladu ke biyan kuɗin makaranta.