Ranar da na ce wa mata tumakinsu za su yi zafi

Ba zan taɓa mantawa ba da aikina na farko a Matameye, ina sabon fitowa daga lakwal, wato makaranta, ga difilom ɗin aikin kiwo, ga kai ya kumbura kamar tulu. Aka tura ni wajen wata ƙungiyar mata masu kiwon tumaki, in taimaka tumakinsu su ɗauki ciki lokaci guda, ƴan ragunan su isa sayarwa kafin Layya. Da kuɗinsu suke aurar da ɗiya, suke sayen hatsi idan rumbu ya yi ƙasa.

Aikin ba wuya. Ana sa wa tunkiya ɗan soso mai magani a farji mako biyu, a cire, a yi mata allura, bayan kwana biyu ta nemi rago. In aka kuskure wannan lokaci, wahala ta tashi a banza.

Amma ni, ranar da aka cire soson aka yi allura, sai da na yi wa'azi. Na tsaya a tsakar gidan Hajiya Rabi, shugabar ƙungiyar, na bayyana cewa sinadarin saƙo ne da jini ke ɗauka, kuma a ƙwaƙwalwa da mahaifa akwai masu karɓarsa, in babu su saƙo ya faɗi ƙasa. (Har zane na yi da tsinke, wallahi.) Sannan na rufe da cewa jibi tumakin za su yi zafi, sai su kula. A lakwal da Faransanci muka koya, kuma kalmarsu ta neman barbara ita ce ta zafi. Ni kuwa, Bahaushe ɗan Bahaushe, na kwaso ta ɗanya na miƙa musu.

Suka ko kula! Da jibi ta yi na zagaya, a gidajen da na fara shiga sai na tarar kowace ta ɗaure tumakinta a inuwa, an jiƙa musu sabara, an kai raguna can bayan gida don kada su dami marasa lafiya. Wata har tsumma ta jiƙa ta ɗora wa tata a ka.

Na ruga gidan Hajiya, na iske ragonta yana tsakiyar aiki. Ashe tun da asuba ta ga tumakin suna kaɗa wutsiya suna kuka, ta gane, ta kuma zaga gida gida tana cewa a saki raguna. Waɗanda na gani su ne masu taurin kai da suka ce sai abin da likita, wato ni, ya faɗa.

Ta dube ni gaban mata ta ce, "Ɗana, wannan ne zafin? Mu a nan cewa muke tana son miji."

Aka kwashe da dariya har da guɗa. Na so ƙasa ta tsage. Hajiya ta tsawatar, ta ce yaro ya iya aikinsa, bakinsa ne ya yi tafiya bai dawo ba. Ta ja ni muka bi sauran gidajen, kafin azahar an saki kowane rago.

Bayan wata biyar aka yi ta haihuwa, har da tagwaye. Allah ya saka wa Hajiya, ita ta rufa mini asiri. Na san duk masu karɓar saƙo a jikin tunkiya, ban taɓa tambayar ko nawa saƙon ya shiga kunnen mai ita ba. Har yau a kasuwa Likita Zafi suke kirana, kuma ina amsawa.