Dodon Babi na Ɗaya

Wani ne yake aikin duba kurakurai a wani kamfanin buga littattafai. Wata rana ya shiga sito neman ƙamus, sai kantar littattafai ta rufto masa. Tun hantsi yana ƙarƙashi, sai da la'asar aka lura babu shi. An sha gaya masa ilimi haske ne, ba wanda ya taɓa ce masa yana da nauyi.

Jiki ya warke, zuciya ta ƙi. Takarda ta faɗi, ya zabura. A buga ƙofa, gumi ya karyo masa. Rannan akawu ya yi atishawa, sai a ƙarƙashin tebur aka samo mutumin.

Manaja ya kira shi ya ce, "Ina tausayinka, amma nan ba asibiti ba ne. Na ba ka mako biyu. Ko ka kawo takardar likita cewa za ka iya aiki, ko ka je gida ka huta hutun da ba a dawowa."

Ya tafi wurin likitar ƙwaƙwalwa, wata mata mai sanyin murya. Ta saurare shi tsaf, ta ce, "Abin da ke damunka yana da suna, yana da magani, kuma ba kanka farau ba. Sayi littafin rubutu. Duk abin da ya tsorata ka, rubuta shi yadda ka ji shi a ranka. Kada ka sa sunan kowa. Ka dawo da shi mu duba tare."

Kwana tara ya cika littafin, har da bayan bango.

A makon ne wani marubucin labaran ban tsoro ya kawo sabon aikinsa kamfanin. Shi ma da hannu yake rubutu, a littafi mai shuɗin bango, irin na mutumin sak. Aka ba mutumin ya duba. Bai ko buɗe ba, ya jefa a aljihun tebur inda nasa yake, ya rufe, don ya san kansa.

Ranar komawa asibiti yana shirin fita, manaja ya leƙo. "Ba ni littafin marubucin nan in gani." Cikin sauri ya zaro mai shuɗin bango ɗaya ya miƙa, ya cusa ɗayan a aljihu. Nasa ya ba manaja, na marubuci ya kai wa likita.

Likita ta buɗe, ta gyara tabarau, ta karanta a fili. "'Kullum tana tsaye a bakin ƙofa. Ba ta magana, numfashinta kawai nake ji.' Malam, wace ce wannan?"

"Surukata ce, likita. Wata uku ke nan tana gidanmu."

"'Ba ta da fuska.'"

Bai tuna ya rubuta haka ba, amma shi mutum ne mai girmama abin da ke rubuce. "Zai iya yiwuwa. Shekara tara da aure ban taɓa ɗaga ido na duba ba."

"'Ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa.'"

"A'a, nan kam na zalunce ta. Ƙafafun na sani sarai. Su nake gaisarwa."

Likita ta juya shafi a hankali. "'Ranar Talata ta cinye maƙwabcinmu, ta bar takalmansa a ƙofar gida.'"

"Wanne daga ciki?"

"Kai zan tambaya."

"In mai janareta ne, likita, ni ban ga komai ba."

Ta ajiye biro. Ta dube shi, ta dubi littafin, ta juya masa shi. "Wannan rubutunka ne?"

Ya leƙa. Rubutu ne mai kyau, waƙafi a inda ya dace. "Ba nawa ba ne."

Da ya yi mata bayani, dariya ta kama ta har da share ido. Ta yi masa tambayoyi kan barci da bugun zuciya, ta sake koya masa yadda zai ja numfashi in abin ya taso, ta rubuta takarda cewa zai iya aiki muddin yana zuwa duk mako. "Sai dai ka ara mini littafin zuwa gobe. Ina so in ji ƙarshen maƙwabcin."

Yana bakin ƙofa ya tuna inda nasa littafin yake. Ya kuma tuna da wa ya fara a shafin farko.

Mutumin da ke tsoron tsallaka titi, ranar nan tituna uku ya tsallaka bai duba ba.

Ya tarar da manaja a kishingiɗe, littafin a kan tumbinsa. Ya miƙa takardar likita da hannu biyu. Manaja ya ɗan leƙa, ya ce, "To, madalla, ka ci gaba da aiki. Da wannan za ka fara. Kai, marubucin nan ya iya. Ji dodon babi na ɗaya. 'Cikinsa ke riga shi shigowa ɗaki. Yana gyaran murya sau biyu kafin ya kama mutum. Ba ya ihu, sai dai ya ce: shigo ka turo ƙofa.'" Manaja ya gyara murya, ya sake gyarawa. "Tsigar jikina har tashi ta yi. Ina mutane ke samo irin wannan halitta?"

"Baiwa ce, ranka ya daɗe."

"Aibinsa ɗaya. Na duba har bango, dodon yana nan da ransa. Mai karatu yana so ya ga ƙarshen mugu. Me zai hana a kashe shi?"

"Ranka ya daɗe, in an kashe shi wa zai biya mu albashi?"