Maburgin Batir da Farar Shaddar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da na yi wa Alhaji Idi wanka da madara, a cikin kafeteriyarsa, a gaban masu cin abinci.

Kayan kicin nake sayarwa a Zangon Sokode, a ƙasar Togo. A wata tafiya Lome na ɗauko kwali guda na ɗan maburgin nan mai batir, wanda ke kaɗa madara ta yi kumfa a zuba kan kafe, wato gahawa. Wata ya wuce ko guda bai fita ba. Matata ta ce na sayo wa kaina abin wasa. Na rantse sai na sayar. Da na ji Alhaji Idi, abokin marigayi babana, yana da kafeteriya uku a Dapaong, na ɗaure kwalin na hau mota.

A gida na gwada shi sau ba adadi, kuma kullum kumfa na tashi lafiya. Abin da ban lura da shi ba, madara kaɗan nake zubawa, can ƙasan kofi (madarata ce, ina tausayinta). To amma gaban babba fa? A Zango ba a miƙa wa dattijo rabin kofi, sai a ce gidanku ba a iya karɓar baƙo ba. Da na isa kafeteriyar Alhaji, sai na cika kofin taf, har baki. Alhaji ya matso da kujera ya sunkuya, cikin farar shadda mai sitaci, ya gama shirin masallaci.

Na danna.

Madara ta tashi sama kamar an buɗe famfo. Gemunsa, hularsa, aikin wuyan rigarsa, ba inda ta bari. Don ruɗewa na zaro abin yana kan juyawa, ragowar ta samu wani direba da ke cin ƙwai da burodi a gefe. Da kyar na kashe maburgin.

Alhaji ya shafa gemu, ya dubi tafinsa. "Ɗana, tun daga Sokode ka taso don ka yi mini wannan?"

Ƙafata ta so ƙofa, amma na tuna fuskar matata idan kwalin ya dawo. Na ba shi haƙuri, na roƙi ya bar ni in sake sau ɗaya tak. Ya ja kujerarsa har jikin bango, direban ya ɗauke farantinsa. Na zubar da fiye da rabi, na nutsa kan maburgin, sannan na danna. Kumfa ta hau a hankali, fara sol. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya ce in bar kwalin, shi zai je ya sauya riga kafin a tayar da salla.

Tun ranar, duk wanda zan gwada wa, rabin kofi yake samu, ko limami ne. A Zango yanzu ana ce mini marowaci. Na yarda, sunan ya fi wankin shadda sauƙi.