Ranar da Na Ɗora wa Tsohuwa Mai Kunu Laifin Kisa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na saki bakina a wani gidan biki a Garwa ba. Na taɓa kifewa da kamyo, wato babbar motar kaya, cike da siminti a hanyar Figil, na fito da ƙafata. 'Yan tare hanya sun taɓa kwantar da ni a kwalta suka taka mini wuya, na tashi na karkaɗe riga na ci gaba da tuƙi. Waɗannan in na tuna su, ba sa hana ni komai. Amma waccan rana in ta faɗo mini, ko tuwo nake ci sai na tsame hannu.

Ni direba ne. Ban yi makaranta ba. Lambar mota da alamar hanya kawai nake ganewa. (Wannan ma da kuke karantawa, faɗa nake ana rubutawa.) Matata ta daɗe da rasuwa, na zauna haka nan, har na haɗu da Malama Asta. Bazawara ce, tana koyar da yara, tana kuma rubuta littattafai da Hausa. Ba bugawa take yi ba. Karantawa take da muryarta a waya, babi babi, ta tura wa mata.

Na nemi aurenta. Ta ce ita ba ta ƙi ba, amma magana tana hannun yayanta, Hamma Bakari, mai fataucin shanu. Shi kuma bai ga dalilin da ƙanwarsa mai ilimi za ta auri mutumin da ke sa hannu da babban yatsa ba.

Sai ta yi dabara. Ta ba ni ɗan katin nan da ake zuba waƙoƙi a ciki, ta ce, "Aikina na bana ke nan. Ka saurara a hanya. Ran bikin 'yar Hamma zan tambaye ka a gabansa, ya ji da kunnensa cewa kana da kai."

Na ce to.

Ta ƙara da cewa, "In ka ji labarin kisa, kada ka yarda da kowa. Wanda ba ka zato, shi ne."

Na riƙe wannan magana da hannu biyu, kuma ita ta kashe ni.

Ga abin da ban sani ba. Littafi uku ne a katin, ba ɗaya ba. Rediyon motata kuwa tana da wani maɓalli mai kibiyoyi biyu a harɗe, wanda ke sa ta zaɓi waƙa yadda ta ga dama. Tun kafin a ba ni motar a danne yake. Ni duk shekarun nan na ɗauka halinta ne, kamar yadda wata motar ke jan hagu. Don haka daga Ngawundere zuwa Figil, tafi da dawowa, na yi ta jin littafi uku a cakuɗe, murya ɗaya, kowane babi da sallama iri ɗaya. Na ɗauka littafi guda ne.

Akwai wani sufeto da ke neman wanda ya sa wa wani attajiri guba a kunun gyaɗa. Wannan ɓangaren ya yi mini. Yana hana ni gyangyaɗi fiye da goro. Sai dai tun da wuri aka kama telan gidan, ya amsa laifi yana kuka, can gaba kuma na ji sufeton yana ta bincike kamar bai kama kowa ba. Na ce a raina, ashe ƙazafi aka yi wa tela. Attajirin ma sai da ya mutu sannan na ji shi yana cinikin fili. Na ce haka 'yan boko ke rubutu, daga tsakiya suke farawa don su ruɗa jahili. Na ƙi ruɗuwa.

Akwai kuma wani saurayi da ke gudu da jaka, masu bindiga na bin sa tun daga tashar jirgin ƙasa. Wannan ƙarya ce zalla. Kwana da kwanaki yana tsere a mota bai sha mai ba, bai tsaya fitsari ba, ko jandarma ɗaya bai tare shi ya tambayi takarda ba. A wace hanya? Ana harbinsa kuma yana jawabi. Ni an harbe ni. Ba a jawabi.

Sai kuma wata tsohuwa, Inna Mai Kunu, da ke dama kunu a watan azumi tana raba wa unguwa. Ba abin da ke faruwa a wurinta. Zafi ya yi zafi, hadari ya haɗu, yara sun zo da kwanuka, an sha ruwa, an yi dariya, an ɗinka kayan Sallah. Sau ɗaya ta kusa jefa ni rami don barci. Sau ɗaya kuma, ba zan ɓoye ba, ta tuna mini da tsohuwata har na tsaya gefen hanya na duba tayar da ba abin da ya same ta.

Amma wata rana likita ya ce wa sufeto, "Gubar a kunu take." Babi ya ƙare. Aka yi sallama. Abin da ya biyo baya shi ne: "Inna ta ɗaga murfin tukunya, ta yi murmushi."

Na daki sitiyari. Na ce na kama ki!

Ranar biki na sa babbar riga ta aro. Bayan ɗaurin aure da cin abinci aka kira ni falon Hamma Bakari. Yana zaune a kujera da abokansa 'yan kasuwar shanu, Malama Asta da yayarsu mace, Adda Jainabu, suna kan tabarma ta bakin ƙofa. Muka gaisa da Fillanci, ya ce, "Jam na?" na ce, "Jam." Ya dube ni yadda yake duban bijimi kafin ya taya.

Malama ta ce, "Hamma, malam direba ya saurari aikina duka. Malam, gaya masa yadda ka gani."

Ni mutum ne da zan yi wuni ban haɗa magana goma ba. Ranar sheɗan ya ara mini baki.

Na ce, "Alhaji, littafin da kyau da kuma shirme."

Malama ta ce, "Wanne?"

Na ce, "Duka." (A nan ya kamata in lura. Ban lura ba.)

Na faɗi ra'ayina kan saurayi mai jaka. 'Yan kasuwar shanu suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Wallahi gaskiyarsa, jandarman da ke kan gadar garin nan kaɗai ya ishe shi!" Hamma Bakari ma ya murmusa. Na ji kaina ya yi girma. Na gyara zama.

Na ce, "Sufeton kuwa sakarai ne. Ya kama tela bawan Allah, ga mai laifi a gabansa tana yawo da ludayi."

Adda Jainabu ta ce, "Wa ke nan?"

Na ce, "Wa kuwa? Tsohuwar nan mai kunu. Makira ce. Sadakar da take yi duk rufa-rufa ce. Irin waɗannan tsofaffi na san su, baki da salati, hannu da guba. Ni da zan gamu da ita, ko ruwa ba zan karɓa a hannunta ba. Rataya ta dace da ita."

Falon ya yi tsit. Har kiɗan mata da ke tsakar gida na ji kamar ya yi nisa. Na ɗauka basirata ce ta ɗaure musu kai, na ƙara da cewa, "Tun murmushinta na gane ta."

Adda Jainabu ta ja mayafi ta rufe fuska. Hamma Bakari ya ajiye kofin shayinsa a hankali.

Ya ce, "Malam, Inna Mai Kunu mahaifiyarmu ce."

Ban gane ba. Na ce, "Ta cikin littafin?"

Ya ce, "Ta cikin littafin. Bara ta rasu, cikin azumi. Asta ta rubuta shi ne don mu riƙa tunawa da ita. Rabin mutanen da ke zaune a nan da kununta suka girma."

Wani dattijo a gefe ya ce, "Ni kam na sha, ga ni ban mutu ba."

Wanda ya san darajar kansa shiru zai yi a nan. Ni na ce, "To attajirin fa, wa ya kashe shi?"

Malama Asta ta ce, ban san kuka take ba ko dariya, "Tela ne! Wancan littafi dabam ne! Uku ne, malam, uku! Ta yaya ka haɗa su?"

Na ce rediyo ce.

Ɗan kasuwar nan da ya goyi bayana ɗazu ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, rediyo ce ta zagi Inna, a kira ta ta ba da haƙuri." Sai falo ya fashe. Hamma Bakari kaɗai bai yi dariya ba. Na miƙe zan fita, na taka bakin rigar aro, na ji ta ce ɓarrr. Takalmina ma ƙafa ɗaya na wani na saka, sai da na kai bakin titi na gane.

Goron neman auren da na aika tun farko, kafin mako ya zagayo aka dawo mini da shi, ko ɗaurinsa ba a kwance ba. Na je ba da haƙuri, Hamma Bakari ya ce ya yafe, amma ba zai haɗa zuri'a da mutumin da ya yanke wa uwarsa rataya a falonsa ba. Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ni ne, abin da zan yi ke nan, da ƙarin mari.

Malama Asta ta auri wani ma'aikacin asibiti. Bayan wani lokaci ta fitar da sabon littafi, mata suka yi ta tura wa juna har ya iso wayata. Labarin wani direban kamyo ne mai ƙaton kai. A babi na farko ake kashe shi. Na saurara har ƙarshe, a jere wannan karon, ina jiran in ji wanda ya yi. Babu wanda ya nema. Sufeto ma hutu ya tafi.

Yanzu in wani ya ba ni labari ya ce me na gani, kafin in buɗe baki sai na fara tambaya: tsohuwar da ke ciki, uwar wa ce?