Burodin Manzo na Kanan-Bakashe

"Ni Manzo, ido rufe sai in gasa burodin da Nasara zai ci ya lashe yatsa!"

Haka ya faɗa a bakin rijiyar Kanan-Bakashe, shekarar da fari ya share gonaki, sojoji suka fara kawo garin alkama na taimako. Kai aboki, kada ka ruɗu. Iyakar iliminsa na burodi, ya taɓa sauke itace a ƙofar wani gidan burodi a Maraɗi, ya shaƙi ƙamshi, aka ce ya yi gaba.

Garin da aka ba gidansa shi ne abincinsu har kamiyon soja, babbar motar da ke kawo garin, ya dawo. Matarsa Furera ta ce, "Malam, bari in riƙa dama muna kunu kaɗan-kaɗan. Ɗiyan ga hwa ba su da wani abu."

"Kunu? Da garin Turai? Ƙauyanci bai yi ba! Sojoji na ɗanɗanawa, ni za su ɗauka mai burodin bariki. Ke ko hawa mota sai kin gaji."

Gogan naka ya samo yis, abin sa burodi ya tashi, a kasuwar Tasawa, ya juye garin kaf a tukunya. Tun da ya zo duniya tuwo ya ga ana yi, don haka ya sheƙa tafasasshen ruwa, ya sa muciya ya tuƙa. Yis ya mutu ko shurawa bai yi ba.

Aka jira, aka jira. Furera ta leƙa. "Malam, bai tashi ba."

"Kunya yake ji, ku bar kallon shi!"

Ya ƙara kanwa cikin hannu. Ƙullu ya yi kore, ya ƙara kwanciya.

Saura wurin gashi. Sarkin Gashi ya dubi rumbunsu da fari ya bari wayam, ya ce, "Da murhun gidan burodin Maraɗi uwa ɗaya uba ɗaya!" Ya cika shi da kara, ya jera ƙullu, ya ƙyasta ashana. Jinkar rumbun ce ta fara gasuwa. Maƙwabta suka kashe wutar da rairayi suna zaginsa, don ba wanda zai ɓarnatar da ruwa a kan Manzo.

Da toka ta huce ya zaƙulo burodinsa, baƙi ƙirin. Furera ta sa ɗaya a turmi ko zai daku, taɓarya ta yi tsalle. Wallahi ta ba ni tausayi, ga yara sun zuba mata ido. Shi kuwa cewa ya yi, "Na soja ke nan, ba ya lalacewa."

Ranar da kamiyo ya dawo, Manzo ya sha rawani, ya ɗauko burodi a faifai. Ashe tayar motar ta yi faci, ƙarfen ɗaga mota kuma sai nutsewa yake cikin rairayi. Sarjan ɗin sojojin na ta faɗa yana neman dutse, a ƙasar da ko tsakuwa sai an yi sa'a. Manzo ya rusuna ya miƙa faifai.

"Ranka ya daɗe, ga..."

Sarjan ya fizge ɗaya, ya cusa ƙarƙashin ƙarfen. Kamiyo ya ɗagu har da lodinsa, burodi ko gezau.

Sarjan ya dafa kafaɗar Manzo a gaban duk gari. "Madalla, dattijo! Kawo sauran mu tahi da su. Wai ina kuka samu dutse mai kyau haka?"